Ina Jinin Baba Yake Tafiya?

Da sunan Allah nake farawa, Shi da yake ba da lafiya, yake kuma jarraba bawa da rashinta. Sunana Rabi, a Asata aka haife ni, cikin garin Inugu. Wata biyar ke nan ina jinyar mahaifina, kuma na gaji irin gajiyar da barci ba ya cire ta. Na daure na rubuta wannan ne saboda na san akwai gidaje da yawa da ake yin abin da na yi, da kyakkyawar niyya, ba a sani ba.

Baba mahauci ne, Malam Ilu ake ce masa. Ya fi shekara arba'in yana tsaye a kwata kan jiƙaƙƙen siminti, har gwiwoyinsa suka lalace, salla ma sai a kan kujera. Innarmu ta daɗe da rasuwa. Ni kuma da mijina ya rasu sai na dawo gida da keken ɗinkina, muka zauna mu biyu. Gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, kowa na ganin ƙofar kowa.

Ɗakin da ke kallon namu na Mama Nas ne. Tsohuwa ce 'yar ƙabilar Ibo, ta doshi tamanin, siririya, kullum da tabarau rataye a wuya. A Sabon Garin Kano aka haife ta, sai da aka fara tashin hankalin da ya kai ga yaƙin basasa iyayenta suka gudo da ita. Hausarta ta fi tawa, har takan gyara mini magana. Ta yi aikin jinya lokacin yaƙin tana budurwa, ta ci gaba da shi har ta yi ritaya. A unguwa an san ta da bin diddigi. In kaza ta ɓata ko gudawa ta kama gida guda, ba ta hutawa sai ta gano dalili. Wasu na jin daɗin haka, wasu na cewa ta cika sa ido.

Wajen ƙaramar salla yayana Sanusi, da ke harkar awaki a Fatakwal, ya aiko wa Baba wani garin ganye kore a leda. Ya ce na sanyin ƙashi ne, a zuba cokali guda a kunu safe da yamma. Cikin kwana uku Baba ya ajiye kujera, ya kai goshinsa ƙasa. Ranar har kuka na yi don murna. Da ledar ta ƙare Yaya ya sake aiko da wata ta hannun direba.

Bayan kamar wata uku Baba ya fara cewa jiri yake ji. In ya taka daga ɗaki zuwa famfo sai haki. Muka ce zazzaɓi ne. Ran wata Asabar ya yanke jiki ya faɗi a kwata da wuƙa a hannunsa, Allah ya tsare bai faɗa kanta ba. Abokan aikinsa suka kawo shi asibiti a keke napep.

Duk wanda bai taɓa bin layin kati da marar lafiya jingine a kafaɗarsa ba, Allah ya sa kada ya sani. Tun hantsi muke nan, sai bayan la'asar muka ga likita, wata matashiya mai saurin magana. Ta duba tafin hannunsa, fari fat kamar takarda. Aka ɗebi jini aka auna, ta ce ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara masa leda biyu. A nan dole in gode wa mahautan kwata. Su shida suka zo da warin nama a jikinsu, suka nannaɗe hannun riga, babu wanda ya jira a roƙe shi.

Likitar ta tambaye ni, "Yana shan wani magani?"

Na ce, "Sai na hawan jini."

Wallahi garin nan bai zo mini a rai ba. A wurina ɗan'uwan kuka ne ko daddawa, abin da ake ajiyewa a kicin.

Kwana takwas muka yi. Ni a tabarma ƙarƙashin gado, shi yana ta farfaɗowa, har ya fara yi wa masu jinya ba'a da yaren Ibo. Abu ɗaya ne ya dame shi, gwiwa ta dawo da ciwo, muka ce sanyin gadon asibiti ne. Da za a sallame mu aka ba mu ƙwayoyin ƙarin jini, aka ce, "Bayan gidansa zai yi baƙi, kada ku tsorata, aikin maganin ne."

Muna komawa gida na ci gaba da dama masa kununsa yadda na saba. Gwiwa ta lafa. Kwana goma sha biyu tsakani ya sake zubewa, wannan karon a bakin ƙofa, kuma ranar Litinin ce, ranar zaman gida na dole a ƙasar Ibo, gari a kulle, babu abin hawa. Haka na kwana ina yi masa fifita har Talata ta waye. Leda uku aka ƙara masa. Likita ta ce jinin nan wani wuri yake bi yana fita, tana so a zura masa kyamara ta baki a duba cikinsa. Na'urar asibitin ta lalace, aka rubuta mana mu dawo bayan sati shida. A asibitin kuɗi akwai, amma mun riga mun sayar da abin da za mu iya sayarwa, har da 'yan kunnen Inna.

A wannan kwanciyar ce Gwaggo Larai ta iso daga Anacha. Ƙanwar Baba ce, tana sayar da barkono a kasuwar Ose. Ba zan ci haƙƙinta ba, ta bar rumfarta ta zo, ta karɓe mini wanki da girki, kuma ba don ita ba da na faɗi ni ma. Amma ta zo da shawarwari buhu guda. Ruwan ganyen ugu da madara, hanta rabin dahuwa, rubutu, hayaƙi. Duk wanda ya zo dubiya shi ma da tasa. Wani ya ce a kai shi Kano, wani ya ce ciwon shawara ne, wani ya ce abokan sana'a ne suka yi masa jifa.

Da aka sake sallamo mu, Mama Nas ta shigo gaisuwa.

"Malam Ilu, yaya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, Mama Nas, an gode Allah."

Ta sa tabarau, ta ja fatar idonsa ƙasa ta leƙa, ta matsa farcensa ta saki, ta daɗe tana kallo. Sannan ta fita. Gwaggo na zaune tana bin ta da ido.

Sati bai cika ba leɓɓan Baba suka fara yin fari kuma. Gwaggo ta ja ni kicin.

"Ke Rabi, ba ki da ido ne? A asibiti ya warke, a gida ya zube. Sau biyu ke nan, ga na uku yana zuwa. Abin da ke shan jinin Yaya a cikin gidan nan yake."

"Gwaggo, me kike nufi?"

"Wa ya zo ya buɗe masa ido yana leƙe? Matar da ta yi shekara uku hannunta cikin jinin mutane, kina tsammani ta fito haka nan?"

Washegari da safe, mata na layin famfo, Gwaggo ta tsaya a tsakar gida ta faɗe shi da ƙarfi, da Hausa, ta kuma maimaita da Turancin kasuwa don kowa ya ji. Ta ce Mama Nas mayya ce, ta saki kurwar ɗan'uwanta, kuma kada ta sake taka ƙofarmu. Mama Nas na tsaye da bokitinta. Ta dube ni. Ni kuwa na sunkuyar da kai. Matar nan ita ta yanke mini cibiya, amma ban buɗe baki ba. Na gaji, kuma wani ɓangare na zuciyata yana so a ce ga mai laifi, ko wane ne. Kafin Juma'a magana ta zaga unguwa. Matan da ke kawo mata jarirai ta duba suka ɗauke ƙafa, mai shagon bakin titi ya fara ajiye mata canji a kan tebur don kada hannunsu ya haɗu.

Kwana huɗu bayan haka, da sassafe na ɗauko fo ɗin Baba zan kai bayi. Lokacin ba ya iya takawa har can. Sai na same ta zaune a kan kujera 'yar tsuguno a bakin bayin, da alama ni take jira.

"Rabi, buɗe in gani."

"Mama, ki yi haƙuri, Gwaggo..."

"An hana ni ƙofarku, ba a hana ni bayi ba. Buɗe."

Na buɗe. Ta sa tsinke ta taɓa, ta ɗaga, abin yana biyo tsinken kamar kwalta. Ta kawo hancinta kusa, ni ina kau da kai.

Na ce, "Sun ce maganin ƙarin jini ne yake sa shi baƙi."

"Na ƙarin jini yana baƙi, amma ba ya danƙo haka, ba ya kuma wannan warin. Wannan jini ne da ya dahu a ciki. Na san shi tun kafin a haifi likitarku. Wani abu yana cin cikin ubanki, kuma ta baki yake shiga."

Ta sa na lissafa mata duk abin da Baba ke ci daga asuba zuwa kwanciya. Na lissafa, har da kunu, amma ban ambaci garin ba, don a kaina shi da kunun abu ɗaya ne. Ta ce in duba ƙarƙashin filonsa da aljihunan rigunansa, tsofaffi na ɓoye ƙwayar ciwon jiki. Na duba lokacin da yake barcin rana, ban samu komai ba sai goro da carbi. Ta ce in lura da masu zuwa dubiya, ko wani na miƙa masa abu a hannu. Na kwana biyu ina gadi, babu. Ita kuma ta zazzage kwandon shararmu a bayan gida tana tonawa da sanda, mutane na kallo ta taga suna cewa ga shi nan, tana neman abin haɗa asiri. Ba ta samu fankon ƙwaya ko ɗaya ba.

Duk wannan a bakin bayi muke haɗuwa, kamar ɓarayi. A rana ta uku na ce mata ta bari haka, ana ƙara zaginta ne kawai. Sai ta ce in zauna.

"Lokacin yaƙi an mai da wata makarantar firamare asibiti, a can aka kai ni. Magani ya ƙare ƙaf, sai gwangwani ɗaya na ƙwayar rage zafi, ita muke ba wanda za a yanke wa ƙafa. Sai ƙwaya ta fara raguwa. Aka ce wani bawan Allah ne mai ɗebo mana ruwa, magidanci, mai ɗingishi, don shi yake shiga ko'ina. Soja suka ɗaure shi a bishiyar mangwaro. Ni ban yarda ba, saboda bayan an ɗaure shi ma ƙwaya ba ta daina raguwa ba. Na ce a raina, wanda ke haɗiyar ƙwayar nan da yawa a kan yunwa, dole cikinsa ya nuna. Na karɓi aikin wanke masai, aikin da kowa ke gudu. Kwana tara ina bi rami rami. A masan manya na gan shi, irin wannan na ubanki. Mai riƙe da makullin ma'ajiyar ne da kansa, haƙori ke damunsa."

Na ce, "Aka saki mai ruwan?"

"An kwance shi. Bai kai sati ba ya mutu, dukan ya yi yawa. Da kwana uku na yi maimakon tara, da wataƙila ya ga 'ya'yansa." Ta goge tabarau da bakin zane. "Saboda haka kada ki ce mini in bari."

Sai kuma ta ɗago kai. "Tsaya. Jiya ta labule na hango Malam Ilu yana salla a ƙasa, da duk rashin jinin nan ya lanƙwasa gwiwa. Mutumin da na sani shekara biyar a kujera. Wa ya gyara masa gwiwa?"

"Ai tun da Yaya ya aiko da garin nan."

"Wane gari?"

Na ɗauko a ɓoye cikin mayafi. Ta kai ni ɗakinta, ta cika kofin gilashi da ruwa, ta zuba cokali biyu, ta juya, muka zauna muna kallo. Koren ya taso sama. A ƙasa wani fari ya kwanta kamar alli. Ta tsiyaye ruwan a hankali, ta juye farin a baƙin faranti, ta fita da shi rana. A ciki akwai 'yan ɓarɓashi masu ruwan ɗorawa a gefe ɗaya, irin bawon ƙwaya. Ta ɗauko ɗaya da bakin allura ta nuna mini, har da guntun layin nan da ake yi a tsakiyar ƙwaya don a raba ta biyu.

"Ganye ba ya kashe ciwon gwiwa cikin awa guda, 'yata. An daka ƙwayoyin ciwon jiki ne aka rufe da ganye. Sau nawa kike ba shi?"

"Safe da yamma. Da ya fara rashin lafiya na ƙara, na mai da shi cokali biyu, don ya samu ƙarfi."

Na zauna a ƙasan ɗakinta. A asibiti yana warkewa ne don ledar garin tana gida a kicin. Gwaggo ta yi gaskiya, abin a cikin gidan yake, ni ce nake damawa in kai masa, in tsaya a kansa sai ya shanye. Mama Nas ba ta rarrashe ni ba. Ta ce, "Kukan ya jira. Tashi ki nemo keke, ki tafi da ledar da farantin."

Likita ta duba farantin, ta dube ni, ta ce, "Ai na tambaye ki." Na ce gaskiya ne, ta tambaya. Ba ta ƙara magana a kai ba, kuma na gode mata da hakan. Ita ce ta yi ta buga waya har aka samu wani wuri da suka yi mana kyamarar da rangwame. Aka ga gyambo biyu a cikinsa, olsa ta kira shi, ɗaya na tsattsafar da jini. Ta ce ƙodarsa ma ta taɓu, sai an riƙa aunawa duk wata. Aka ƙara masa jini leda ɗaya, ita ce ta ƙarshe. Tun daga ranar jinin Baba bai sake sauka ba.

Da na kira Yaya Sanusi, da farko faɗa ya kama yi, wai ana so a ce shi ya kashe ubansa. Can sai ya fashe da kuka. Ya je tashar da yake saya, mai garin ya tashi, babu wanda ya san inda ya koma. Ya ce rabin dattawan zangonsu shi suke sha.

Gwaggo ta ce to, ai ba a rasa hannun mutum a ciki ba dai. Ta haɗa kayanta ta koma Anacha, ba ta tsallaka tsakar gidan nan ba. Na bi gida gida ina ba da labarin farantin. Wasu suka ce Allah sarki, wasu suka ce ai mayya ce kaɗai za ta san inda jini yake bi. 'Yar Mama Nas da ke aure a Fatakwal ta ji abin da ake yi wa uwarta, ta ce ba za ta ƙara wata a gidan ba.

Ranar da Mama Nas za ta tashi, Baba ya ce in ba shi sanda. Taku goma sha wani abu ne tsakanin ƙofofinmu, sai da ya huta sau biyu. Ya same ta tana ninke zannuwa cikin akwati.

"Mama Nas, na zo ne in ba ki haƙuri. Ƙanwata ta yi, 'yata ta yi shiru, ni ina kwance ina ji ban hana ba. Ki yafe mana don Allah."

"Na yafe, Malam Ilu. Zauna kafin ka faɗo mini a kan kaya." Ta ci gaba da ninki. "Wancan tashin da muka yi daga Kano ko takalmi ban ɗauka ba. Wannan har ina zaɓen zane. Ai an ci gaba."

Babu wanda ya yi dariya. Da mota ta zo ta kama hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Ubanki zai roƙe ki garin nan. Ko kuka ya yi kada ki ba shi."

Jama'a, in likita ya tambaye ku abin da marar lafiya ke sha, ku faɗi komai, har abin da ke cikin kicin, har wanda ɗan'uwa ya aiko da ƙauna. In bayan gida ya yi baƙi yana danƙo, kada ku tsaya jiran ranar da aka rubuta muku. Kuma in an tsaya a tsakar gida ana zagin wanda bai yi muku komai ba, ku buɗe baki. Ni ban buɗe ba, ɗakin nan yanzu wani mai gyaran waya ne a ciki.

Baba ya koma kujera. Kwata kuwa ya bar ta ke nan. Maganin da aka yarda ya sha ba ya yi wa gwiwar komai, in hadari ya haɗu har cizon leɓe yake yi. Jiya bayan la'asar ina share ɗakinsa ya kira ni a hankali, kamar mai jin kunya.

"Rabi."

"Na'am, Baba."

"Babu ko ɗan saura? Rabin cokali kawai. Goshina nake so ya taɓa ƙasa sau ɗaya."

Na ce, "Babu, Baba."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya fuskarsa bango. Na ajiye tsintsiya, na je na ɗora ruwan zafi in gasa masa.